Hedimastan Amurka Ya Rasu

Zuwa ga yayana Iliya,

Gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, tare da fatan kana cikin hutun da aka yi mana alkawari. Mu nan unguwar Madaki a Gombe lafiya lau. Baba yana nan, ƙafar ce dai take damunsa idan hadari ya haɗu, idon hagun kuma ya ƙara dushewa. Ni ina nan ina fama da 'yan aji uku da Turancinsu. Shekara uku ke nan da rasuwarka ban rubuta maka ko layi ɗaya ba, don ban ga amfanin wasiƙar da ba ta da adireshi ba. Yau ɗin ma ba ra'ayina ba ne, aike aka ba ni, kuma zan zo kansa. Zan sa ta a shafina na sada zumunta, tunda rabin masu bina abokan cinikinka ne, su karanta su hutar da ni da tambaya.

Labari na farko shi ne Hedimasta ya rasu. Kada gabanka ya faɗi, ba namu na gida ba, naka na Amurka. A waya na gani, wata uku da suka wuce, ina cikin keke mai ƙafa uku za ni makaranta. Hotonsa ne da tabarau ɗin nan a kan karan hanci. Ba zan rubuta sunansa ba, kai kanka ba ka taɓa iya faɗinsa daidai ba, kuma a Gombe babu wanda ya san shi da shi.

Bari in tuna maka yadda aka yi ya zama naka, ko da yake masu leƙen wasiƙar nan ne suka fi ka bukatar tunin.

Aikinka fassarar fina-finan Amurka zuwa Hausa. A ɗan ɗakin da ke bayan shagon Malam Sani Bakatsine kake yi, can unguwar Hammadu Kafi, ɗakin da kuka manne bangonsa da kwalin ƙwai don kada ƙarar babura ta shiga. Makirfo ɗaya, kwamfuta ɗaya, benci ɗaya. Kai ne muryar akta, kai ne ta bos, kai ne matar akta, idan kare ya yi haushi ma ba ka ƙyale shi. Shi kuma Malam Sani yana gaba yana tura wa mutane a waya. Ni aikina ranar Asabar ne: in zauna da littafin rubutu in kalli fim ɗin, in rubuta maka abin da suke cewa, don Turancinka idan ya haɗu da na Amurkawa tsayawa yake yi cak. Ladana tsire da lemo, kuma har yau ina ganin an cuce ni.

Sana'ar tana da doka ɗaya da Malam Sani ba ya wasa da ita: ba a barin shiru. Idan fim ya yi shiru ya wuce numfashi biyu, gobe sai ka ga mutum ya dawo da wayarsa yana cewa sauti ya ɗauke, a sake tura masa. Saboda haka duk inda Bature ya rufe baki, kai sai ka buɗe naka. Akta yana tuƙi ba ya magana, sai ka sa shi yana ƙorafin tsadar mai. Mace tana kallon teku, sai ka sa ta tana tunanin abin da za ta dafa. Ni malamar Turanci ce, abin yana ƙona min rai, kullum sai mun yi faɗa a kai. Amsarka ɗaya ce, cewa ni ina fassara wa littafi, kai kana fassara wa mai shayi.

Ranar da dattijon nan ya fara faɗo mana, alƙali ya fito. Lauya ya gama zuba, shi kuma ya sauke tabarau kan hanci yana kallonsa, ya yi ta kallonsa, bai ce uffan ba. A littafina abin da na rubuta a wurin shi ne “ya yi shiru”. Ka tsayar da fim ɗin ka tambaye ni wa na gani. Na ce alƙali. Ka ce in ƙara dubawa. Sai ka matso da makirfo, ka yi gyaran murya sau biyu, ka ce, “To, madalla da wannan shirme.”

Na yi dariya har na zamo daga benci. Da na tashi kuma sai tsoro ya kama ni, don ba kama ba ce kawai, Baba ne ɗungurungum.

Ka san Baba ya yi hedimastan firamare shekaru masu yawa, kuma da wuya ka tara magidanta goma a unguwannin nan ba ka samu wanda rularsa ta taɓa sauka a tafin hannunsa ba. Fim ɗin bai yi mako ba gari ya ɗauka. Mutane suka daina tambayar sunan fim, sai dai ka ji ana cewa, akwai sabon na Hedimasta? Kai kuma ka shiga farautar duk fim ɗin da mutumin nan ya leƙa, ko na minti biyar ne. Yau ɗan sanda ne mai shirin ritaya, gobe limamin coci, jibi maƙwabci mai ban ruwan fulawa. Bai taɓa zama akta ba, bai taɓa zama bos ba, amma a Gombe saboda shi ake karɓar fim. Duk rigar da ya sa, bakin Baba ne a ciki. “Wanda ya makara ya riga ya shirya ƙarya.” “Koma waje ka shigo kamar ɗan mutane.” “Na ji, amma ban karɓa ba.” Da wadda duk ɗalibin Baba ya sani, wadda yake faɗa idan ya miƙa wa yaro littafinsa, cewa goma bisa goma ta Allah ce. Bai taɓa ba ɗan Adam fiye da tara ba. Kai a hannunsa ban san ka taɓa wuce biyar ba.

Baba bai sani ba. Shekara goma sha biyu kana yi, gari guda ya riƙe sirri, abin da ban taɓa zaton Gombe za ta iya ba. Shi ba ya kallon fim, rediyonsa ta ishe shi, kuma wa ke da ƙarfin halin zuwa ya gaya masa? Akwai ranar da ya je sayen nama, ya taya, mahaucin ya ce masa ya ji amma bai karɓa ba, sannan ya ɗago ya ga da wa yake magana. Ya ba shi naman a yadda ya taya har da gyara. Baba ya dawo gida yana jin daɗi, yana gaya min ashe tsofaffin ɗalibansa ba su manta da tarbiyya ba.

Tsakaninka da shi kuwa ka fi ni sani. Ka bar kwalejin horon malamai a shekara ta biyu, shi kuma ya riga ya gama gaya wa mutanen coci cewa ɗansa zai gaje shi. Da ya ji irin aikin da ka koma, cewa ya yi wannan ba sana'a ba ce, arar bakin mutane ce ana ci musu albasa. Ka kwashe kayanka ka koma unguwar Gabukka. Mama ba ta da rai balle ta shiga tsakani, ni kuma ba a tambaye ni ba. Amma duk Lahadi bayan sujada kana zuwa, ka ci tuwo, ka zauna a kan tabarma, Baba ya buɗe faɗa. Kai kuma kanka a ƙasa kana kaɗa ƙafa, ba a'a ba i. Idan ya gaji sai ya juyo gare ni ya ce, “Yaron nan ba ya ji. Da bango nake magana.”

Ni na san abin da kake yi. Tara kaya kake. Abin da aka faɗa a tsakar gidanmu ranar Lahadi, ranar Asabar zan ji shi a bakin Ba'amurke sanye da kwat. Na sha gaya maka Allah zai kama ka, kana cewa ai Allah ma ya san Baba.

Sai ciwon ƙodar nan ya zo. Ba zan maimaita maka shi ba, kai ka sha shi. Abin da ba ka gani ba shi ne kwanaki huɗun ƙarshe, da idonka ya rufe. Kullum da rana Baba yana zuwa asibitin, ya zauna a kujerar roba kusa da kanka, ya ɗora hularsa a gwiwa. Awa biyu, awa uku, ba ya cewa komai. Wata nas ta ce mana mu riƙa yi maka magana, wani lokaci marar lafiya yana ji. Na roƙi Baba ya ce maka wani abu, ko addu'a ce. Ya ce da idonka biyu ma ba ka ji ba, balle yanzu. Na ji haushinsa ƙwarai a ranar, kuma na daɗe ban huce ba.

Bayan mun dawo daga jana'izarka na ɗauko kwamfutarka daga shagon Malam Sani na sa ta ƙarƙashin gadona. Na yanke wa kaina cewa Baba ba zai taɓa jin abin da ke ciki ba. Mutum ne da girmansa shi ne dukiyarsa. Ya riga ya binne ɗa yana ganin ɗan bai ɗauki komai daga gare shi ba, to ina amfanin ya ƙara da sanin cewa ɗan ya mai da shi abin dariyar masu shayi da 'yan acaɓa shekara goma sha biyu? Ga shi ba ka nan balle ka ba shi haƙuri. Na fi so ya mutu yana jin haushinka kaɗan da ya mutu yana jin kunyarka.

To, mu koma kan mamacin Amurka. Na zauna na karanta abin da aka rubuta a kansa, don a duk shekarun nan ba mu taɓa damuwa mu san ko shi wane ne ba. Ashe ɗan wanzami ne, irin nasu na can mai shagon aski, a wani gari mai sanyi da masana'antu. Ba da fim ya fara ba, da wasan daɓe ya fara, wanda ake yi a gaban jama'a ido da ido. Ya daɗe yana dakon kayan masu tashi daga gida da rana, da yamma ya hau dandamali a ƙananan gidajen wasa. Sai da furfura ta fito masa sannan masu fim suka gan shi, shi ya sa ba mu taɓa ganinsa yana saurayi ba. Mata ɗaya ya aura, ta riga shi tafiya. Da tsufa ya kama shi ya bar fim ya koma dandamalinsa, yana maimaita wasa ɗaya kusan kullum, har ƙafa ta ƙi.

Abin da zai ba ka dariya shi ne abin da suke yabonsa a kai. Shiru. Duk wanda ya yi rubutu a kansa sai ya ambaci yadda yake iya tsayawa bai ce komai ba, jama'a su kasa ɗauke ido. Wai gwanintarsa ita ce sauraro, idan abokin wasa yana magana sai ka ga maganar tana sauka a fuskarsa. Saboda wannan shirun ake ɗaukarsa aiki. Mutum ya yi shekara hamsin yana koyon rufe baki, ya iso Gombe ka mai da shi sarkin surutu. Na ce ai gara da bai taɓa sani ba.

Na ɗauka maganar ta ƙare a nan. Ranar Talata bayan la'asar ina wanke shinkafa sai na ji sallama. Malam Sani ne da mutum biyar: Buba mai keke, mai shayin bakin shagonku, wata mata mai saida atamfa da ban san ta ba, da wasu biyu. Kowa ya sha wanka, fuska a ɗaure irin ta zuwa gidan makoki. Na tare su a ƙofa na ce lafiya? Malam Sani ya rage murya ya ce, “Malama, fuskar ce ta bi muryar. Mun rasa inda za mu kai gaisuwa sai nan.”

Ka ji mutanenka. Bature ya mutu a wata uwa duniya, su ba su iya barin mutuwa ta wuce ba a yi wa kowa gaisuwa ba, kuma a lissafinsu mu ne danginsa na kusa. Matar nan har ta fara share hawaye, tana cewa ranar da ta ji sai ta ji kamar yau Hamma Iliya ya rasu.

Na so in sallame su daga nan, amma Baba yana zaune a baranda, kuma kunnensa bai tsufa ba. Ya ji ana Allah ya ba da haƙuri. Ya ce su shigo, ba a karɓar gaisuwa a bakin ƙofa. Suka shigo suka durƙusa. Ya sauke tabarau kan hanci ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya wa ya rasu. Kowa ya kama kallon ƙasa. Sai ya gane Buba, ya kira shi da cikakken sunansa har da na ubansa, yadda ake kiran rajista. Buba, mai 'ya'ya shida, ya miƙe tsaye ya mai da hannu baya, ya zayyane komai daga alƙali har mai ban ruwan fulawa. Da ana ba da lambar tona asiri da ya ci.

Baba bai nuna komai ba. Ya sa na kawo musu ruwa. Ya karɓi gaisuwarsu yadda ake karɓa, ya ce Allah ya ba da lada, ya tambayi shekarun mamacin, ya ce ai ya yi tsawon rai. Ya raka su har ƙofa da sandarsa. Da ya dawo ya zauna sai ya ce min, “Kawo in gani.”

Kwana biyu ina zille-zille. Na ce babu wuta. Na ce kwamfutar ta daɗe a ajiye, sai an kai ta gyara. Ya bar ni na gama, ya ce ya ji amma bai karɓa ba. Ranar Juma'a da na dawo daga makaranta na ɗauko ta na ɗora a kan teburin baranda. Na so in zaɓo masa mai sauƙi, irin wanda dattijon yake ba da shawara, ya ce a'a, in sa wanda ya fi ba su dariya. Na sa na alƙali.

Ya matso da kujera har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya juyo da idon dama. Muryarka ta cika barandar. Ni rabona da jin ta tun kana da rai. Gyaran murya sau biyu, madalla da wannan shirme, koma waje ka shigo kamar ɗan mutane. Ko gezau Baba bai yi ba. Da aka gama ya tambaye ni ko duk garin nan sun ga wannan, na ce i. Ya ce har mutanen coci? Na ce har fasto. Ya tambayi shekara nawa, na faɗa masa. Ya ɗauki sandarsa ya shige ɗaki, tuwon ranar ko taɓa shi bai yi ba.

A wannan ranar haushinka na ji, Yaya. Ka tafi ka bar ni da kwashe abin da ka zubar, kamar yadda ka saba tun muna yara.

Washegari da safe na fito na tarar da shi a baranda, ya yi wanka ya sa rigarsa ta zuwa taro. Ga sabon littafin rubutu a gabansa, ga jan biro. Ya ce in sa na gaba. Tun daga ranar, duk yamma idan na dawo aiki sai mun kalli ɗaya, shi yana rubutu. Ba ya dariya, ba ya faɗa, lokaci lokaci dai ya ce in mayar baya. A rana ta uku ya lura da abin da masu kallo ba su taɓa damuwa da shi ba, ya ce ai mutumin nan bakinsa a rufe yake. Na yi masa bayanin dokar Malam Sani. Ya ce in kashe muryar ya ga Baturen shi kaɗai. Ya kalle shi yana shirunsa na ɗan lokaci, ya ce wannan da malami ne da ya iya riƙe aji. Ya sa na ba shi labarinsa, dakon kaya da dandamali da komai. Abin da ya tambaya kawai shi ne ko uban ya yarda da sana'ar. Na ce ba a rubuta ba.

A mako na uku muka iso kan fim ɗin ɗan kwana-kwana. Za ka tuna shi. Dattijon ne uban, ɗansa ya faɗo daga bene a wurin kashe gobara, yana kwance a asibiti bai san inda yake ba. Uban ya shigo ya zauna kusa da gadon, ya ɗora hula a gwiwa, aka bar kyamara a kansa ya fi minti biyu. A kan wannan wurin muka yi faɗanmu mafi girma. Na roƙe ka ka bar shi haka sau ɗaya a rayuwarka, ko da Malam Sani zai yi tsalle. Ka ce to, ka aike ni sayen ruwan leda. Kafin in dawo ka riga ka ɗauka.

Na manta da abin da ka sa a wurin sai da na sake ji. Babu gyaran murya, babu barkwanci. Murya ce can ƙasa, kamar mai gudun kada na gadon kusa ya ji. “Tashi mana. Tashi ka ci gaba da ba ni ciwon kai, na yarda. Ba zan ƙara dukanka a kai ba. Keken ma na bar maka. Ka dai tashi.”

A lokacin har tsiya aka yi maka a shago, ana tambaya wane keke, tunda babu keke ko ɗaya a fim ɗin. Ni ma na tambaye ka, ka ce cike gurbi ne kawai.

Biron Baba ya tsaya. Ya ce in mayar. Na mayar. Ya ce in ƙara. Sau uku muka ji, sannan ya cire tabarau ya ajiye a kan littafin, ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba, don ina goye lokacin. Ya ce kana ɗan shekara tara, muna can gida ƙauye kafin a yi masa canjin aiki zuwa Gombe, ka saci kekensa na zuwa makaranta ka shiga da shi kwari ka lanƙwasa ƙafar gaba. Ya yi maka dukan da shi kansa ya san ya wuce kima. Ba a yi mako ba sanƙarau ya kama ka, aka kwantar da kai a asibitin mishan, kwana uku ba ka motsi. A rana ta uku Mama ta tafi gida ɗauko abinci, ya rage daga shi sai kai. A nan ya faɗi maganar nan. Ya ce bai taɓa gaya wa kowa ba, ko Mama, kuma kai ma da ka farfaɗo ba ka taɓa nuna ka sani ba. Ya ƙirga kalmomin da yatsa, ya ce ba ka rage ko ɗaya ba.

Ya daɗe yana kallon fuskar Baturen da na tsayar a gilashi. Sannan ya ce, “Ashe yana ji.”

Wani mai gwanjo ya wuce ta ƙofar gida yana tallarsa, awakin maƙwabta suka shigo na tashi na kore su na dawo. Har na kai hannu zan rufe kwamfutar sai ya ƙara da cewa, “Da na sani, da na yi masa magana a wancan zaman.”

Na matsa kusa na zauna a ƙasa, inda kake zama ranar Lahadi. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar Mama, kuma ba zan ce maka na gani a ranar ba, don ban ɗaga kai ba.

Mun ƙarasa sauran fina-finan a hankali. Jiya muka kalli na ƙarshe. Yanzu yana dariya wani lokaci, ta hanci, sai ya waske da tari. Malam Sani ya zo gaishe shi, Baba ya yi masa faɗa a kan dokar shiru na kusan awa guda, Malam Sani yana ta cewa gaskiya ne, Baba. Buba kuwa har yau idan ya hango ni sai ya canza hanya.

Ga aiken. Yau da safe ya miƙo min littafin ya ce in rubuta maka. Na ce Baba, in aika ta ina? Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Ki dai rubuta. Yana ji.”

Ya ce in gaya maka madalla da wannan shirme ta yi yawa, shi ba ya faɗinta fiye da sau ɗaya a rana, ka sa ta sau bakwai a fim guda. Ya ce gyaran muryar ma ƙari ka yi, amma sai da ya yi shi sau biyu kafin ya faɗi hakan. Ya ce maganar albasa ya janye ta, tunda bakin da ka ara na gida ne. Ya ce keken yana nan a ɗakin ajiya, ya taho da shi Gombe, bai taɓa sayarwa ba don ya riga ya ba ka, sai dai bai san yadda zai ce ka ɗauka ba. Na je na duba, yana nan bayan buhunan masara, ƙafar gaban a lanƙwashe.

A shafin ƙarshe ya ja layi biyu da jan biro, ya rubuta makinka ya sa hannu da kwanan wata, yadda yake yi wa kowa. Tara ya ba ka, Yaya. Na tsaya ina kallon lambar har ya ce in rufe baki kada ƙuda ya shiga.

Ni kuma nawa saƙon gajere ne. Na yi kewarka. Ranar Asabar ba ta da amfani yanzu, tsire ma na daina saye. Na yafe maka ruwan ledar da ka aike ni.

Ubangiji ya ci gaba da riƙe ka cikin salamarsa, ya haɗa ka da Mama. Ya ji ƙan dattijon nan na Amurka da ya ba mu aron fuskarsa bai sani ba, ya ta'azantar da nasa idan ya bar wasu. Idan kun gamu a can ka gaishe shi, ka ba shi haƙuri, kuma don Allah ka bar shi ya yi shirunsa. Shi kuma Baba, Allah ya ƙara masa kwana, don ya ce ranar Lahadi bayan sujada in nemo mota mu je gida ƙauye wurin kabarinka, yana da sauran magana.

Taka ƙanwa, mai riƙe maka littafi,
Rifkatu